Zaren Ɓawon Jatan Lande

Tun daga bakin matakala ake jin warin aikinta. Ɗaliban sashen haɗa magunguna sukan toshe hanci su wuce da sauri, wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai Zare ta ɗora tukunya." Ba ta taɓa tanka musu ba. Shekara uku ke nan tana dafa ɓawon jatan lande a ɗakin gwaji na hawa na biyu, sunan ya bi ta har ta daina jin sa a matsayin tsokana.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Takan karɓo ɓawon a bayan wani otal, inda mai wanke-wanke yake tara mata shi a bokiti. Ta wanke, ta shanya, ta dafa shi da sinadarai har sai wani farin gari ya rage. Garin nan ba ya narkewa a ruwa, sai a ruwan tsami mai warin binega. In ya narke ya yi kauri kamar zuma, sai ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, ta ɗura a sirinji, ta riƙa matsawa a hankali cikin tiren ruwan soda. Abin da ya fito ta bakin allurar nan take yake daskarewa ya zama zare, siriri kamar gashi, ta naɗe shi a sandar gilashi. Burinta a saƙa bandeji da zaren, a ɗora a kan gyambo, ya riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan har kwana ashirin da takwas, ba sai an riƙa ɓamɓare ciwo kowace safiya ana zuba sabo ba.

Faɗarsa ke nan. Yinsa kuwa ya sha mata ruwan jiki. Zaren farko ya amayar da maganin gaba ɗaya a yini guda. Na biyu ya riƙe shi ƙam kamar marowaci, kwana goma ko ɗigo bai saki ba. Na uku yana tafiya daidai aka ɗauke wuta kwana huɗu, janareton sashen kuma ya ce bai san zancen ba. Wannan shi ne na huɗu. Ofishin manyan ɗalibai ya riga ya kafe takarda a allo da ranar rufe karɓar kundin bincike, duk wanda ya wuce ta sai baɗi. Ta ƙirga da yatsa a kalanda: in zaren ya cika kwanakinsa lafiya, za ta sami kusan mako uku ta rubuta ta miƙa.

Kwalabe shida ne. A cikin kowace akwai ɗan ƙullin zare yana iyo a ruwan gishirin da aka haɗa ya yi kama da ruwan jikin mutum. Suna jere a wani bahon ƙarfe mai ruwan ɗumi, ɗumin jikin ɗan Adam daidai, yana rausaya su dare da rana. Kullum ƙarfe goma na safe takan zuƙi mil biyar, kamar cokalin shayi guda, daga kowace kwalba, ta mayar da mil biyar na sabon ruwan gishiri don kada ruwan ya ragu, ta kai abin da ta zuƙa injin awo ya faɗa mata yawan maganin da ya fito. Ta rubuta lambar, ta ɗiga ɗigo a takardar zane. Babu Asabar, babu Lahadi. Ɗigo goma sha takwas ta tara, suna hawa a hankali kamar tsohuwa a matakala, kuma haka ake so.

Mutum ɗaya ne yake iya zama kusa da ita in tana dafa ɓawo, wato dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin, wanda kowa ke kira Baban Lab. Shekara talatin yana shaƙar sinadarai, hancinsa ya daɗe da yin ritaya ya bar shi a bakin aiki. Yakan jawo kujera ya buɗe kwanon abincinsa a gefen tukunyarta, ya ce, "Su dai suna da fitina. Ni wallahi ko turare kika fesa ko ɓawo kika dafa, duk iska ce."

Shi ya koya mata dokar ɗakin. Kwalaben ajiya sun yi ƙaranci, duk kwalbar da ka gani ta taɓa zama gidan abu biyar, takardun da ke manne a jikinta ƙarya suke yi. Don haka ba a karanta takarda, alama ake dubawa. Wani jan fenti yake ɗigawa a murfi, wani roba yake ɗaurawa. Ita zarenta take ɗaurawa a wuyan tata.

Kafin ta fito kowace safiya akwai wani aikin da ke jiranta a gida. Babanta tsohon direba ne, ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙasan babban yatsan ƙafar hagu, wata bakwai ya ƙi rufewa. Ita ce babba a gidan, ita take wanke shi. Takan jiƙa tsohon bandejin da ruwan ɗumi ta jira, duk da haka sai ya taho da nama. Shi kuwa ya damƙe hannun kujera, ya kafe silin da ido, ya kama surutu don kada a ji numfashinsa.

"Uwata, yaushe zaren nan naki zai iso ƙafata?"

"Baba, ko ya yi kyau sai an fara gwada shi a kan ɓeraye."

"To ɓera da me ya fi ni? Ga ƙafa kyauta a gida, kin tafi neman ta ɓera."

Goggo, yayar Baban, wadda ta zo jinyar mako biyu ta share wata biyar, tana daga bakin ƙofa da tsintsiya. "Ƙyale likitar ɓawo. Shekara uku ana kaɗa zare, ko hular jariri ba mu gani ba. Sa'o'inta na can suna goyo, ita tana goyon kwalabe."

"Kwalabena ba sa kuka, Goggo, ba sa kashi."

"Ji bakinta! Da bakin nan ake haɗa magani da tuni ubanki ya tashi yana gudu."

Baban ya yi dariya har ya manta ana goge masa ciwo. Da ta gama ɗaurewa ya riƙe gefen mayafinta. "Ni dai abu ɗaya nake so. In taka da ƙafata in je in gan ki cikin rigar nan mai fukafukai da hula mai faranti. Bana, ko?"

"Bana, in Allah ya yarda."

A safiyar kwana na goma sha tara ta buɗe bandejin ta ga yatsan ya yi baƙi, jikin Baban kuma kamar garwashi. Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ƙarfe tara da rabi suna kan benci a asibiti, kansa a kafaɗarta, ana ta kiran lambobin da ba tasu ba. Nan ta tuna da kwalabe. Ta kira Baban Lab da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tallabe da uban.

"Baba, don Allah ka taimake ni yau da gobe. Ka ga yadda nake yi ai. Mil biyar ka zuƙa, ka sa a ƙananan kwalabe ka ajiye min, ka mayar da mil biyar daga kwalbata."

"Ke dai kula da tsoho. Wannan aikin tun ba a haife ki ba nake yin sa."

Aka kira su, ta kashe wayar.

Da yamma aka cire yatsan. Kwana biyu ta yi tsakanin gadonsa da kantin magani da ɗakin gwajin jini, tana cin biskit a tsaye. Likitan da ya yi aikin, yaro ne da bai girme ta ba, ya tsaya yana yi mata bayanin yadda ake wanke gyambo kamar mai koya wa 'yar firamare, ta bar shi ya gama, ta ce ta gode. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, Goggo ta karɓe ta, ta taho makaranta kai tsaye da kayan da ta kwana da su.

Tana ɗaga murfin bahon ta san an gama. A kwalba ta farko babu zare. Wani abu ne fari-fari yake lilo a ƙasa kamar majina. Ta biyu haka. Ta shida ma haka. Ta buɗe ɗaya ta kai hanci, warin binega ya doke ta.

Ta juya ta dubi teburinta. Ga kwalbar ruwan tsami a zaune, da zarenta a ɗaure a wuya. Kwalbar ruwan gishirin kuwa tana cikin firij, inda take ajiye ta tun da ta taɓa yin funfuna a waje, kuma ba ta taɓa ɗaura mata zare ba, don babu mai shiga wannan lungun firij ɗin sai ita. Dukansu farare ne tas kamar ruwan sha.

Baban Lab ya shigo da fara'arsa, riƙe da ɗan tire. "Ga su nan, goma sha biyu cif, na jera miki su da kwanan wata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Baba, daga wace kwalba ka mayar?"

Ya nuna da haɓa. "Taki mana. Mai zare."

Ta miƙa masa kwalba ta farko. Ya ɗaga ta saitin taga, ya karkata ta, ya daɗe yana kallon abin da ke lilo a ciki. Sannan ya ɗauki kwalbar teburin ya buɗe, ya kai hancinsa, ya ja iska da ƙarfi, ya sake ja. Ya ajiye ta a hankali ya zauna a kan kujerar da ba tasa ba.

"Tsami ne?"

"Tsami ne."

"Innalillahi. 'Yata, na kashe ki."

Maganganu sun taru mata a baki, masu zafi, a jere, kowace ta san inda za ta soka. Sai ta gan shi ya sunkuyar da kai. Ta kuma ji muryarta a waya tana cewa kwalbata, kamar guda ɗaya gare ta a duniya.

"Ni ce ban ce maka firij ba," ta ce. Ta ɗauki tiren ta kai injin awo, don ko gawa ce sai an rubuta. Lambar kwana na sha tara ta yi tsalle, ta kwana na ashirin ta fita daga takardar gaba ɗaya.

Farfesan da ke duba aikinta mutum ne mai sanyi, wanda ya yaye ɗalibai da yawa har ya daina mamakin komai. Ya saurare ta yana murza goshi. Ya jawo takardar zanen, ya rufe ɗigo biyun ƙarshe da babban yatsa.

"Saura kwana nawa a rufe?"

"Ashirin da shida, Yallaɓai."

"Kina da sauran zare?"

"Akwai. Amma ashirin da takwas yake buƙata."

"Na iya lissafi." Ya buɗe durowa ya ɗauko rula, ya kwantar da ita a kan ɗigo sha takwas ɗin. Suka bi gefenta kamar an umarce su. "Dubi nan. Kin ga inda layin ya dosa. Yaron firamare ma zai faɗa miki inda zai sauka ranar ashirin da takwas. Ba ƙarya za ki ƙirƙira ba, abin da zai faru ne za ki rubuta."

"Ban gan shi ya faru ba."

"Sai me? Wa zai zo ya ƙirga kwalabenki?"

"In na rubuta kwana sha takwas kawai fa, yadda na gani?"

"Taken binciken da aka amince miki kwana ashirin da takwas ya ce. Canza take sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ba zai zauna ba sai bayan an rufe." Ya cire tabarau. "Malama, ni ba mugu ba ne. Na ga wahalarki. Na san halin da mahaifinki yake ciki. Ɗigo goma ne."

Ta dubi rular. Wallahi ta so ta ɗauka. Gajiyar da ke jikinta ba ta barci ba ce, ta shiga ƙashi, kuma ga hanya an shimfiɗa mata, minti goma da fensir. Amma ta san zare. Ta ga wanda ya yi kwana tara lafiya ya ruɓe a na goma. Babu wanda ya san abin da wannan zai yi a kwana na ashirin da huɗu, har ita da ta kaɗa shi. Kuma wata rana wani zai karanta takardar ya yarda, ya ɗaure ƙafar uban wani ya ce kada a buɗe sai bayan mako huɗu.

"Yallaɓai, rular ta san inda layi zai je. Ba ta san zaren ba."

"Taurin kai ba ilimi ba ne."

"Na sani. Amma shi nake da shi."

Ya mayar da tabaransa, ya tura mata takardar. "Ki je ofis ki roƙi kwana biyu. Zan sa hannu. Ba za su ba ki ba."

Ba su ba ta ba. Sakatariyar ofishin, wata mata mai kirki da ke cin gyaɗa daga cikin durowa, ta karanta wasiƙar har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi ba. "Ƙanwata, da a hannuna yake da na ba ki mako. Kwamfuta ce. Ƙarfe huɗu na ranar take rufe kanta, ko shugaban makaranta bai isa ya ce mata uffan ba. Kwana biyu da shekara biyu duk ɗaya ne a wurinta."

Ta koma hawa na biyu. Baban Lab ya riga ya wanke kwalaben shida ya kife su, ya goge bahon, yana tsaye kamar mai jiran hukunci.

"Zan je in faɗa wa Farfesa ni ne," ya ce.

"Ya sani. Bai canza komai ba. Miƙo min almakashi."

Ta auna zare ƙulli shida, ta zuba sabon ruwa daga firij, ta jira ɗumin ya daidaita. Ƙarfe ɗaya da kwata ta saka na farko. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwana na sifili.

Faɗa wa mahaifinta ya fi komai wuya. Ta bari sai da aka sallame shi, tana durƙushe tana naɗe masa ƙafa, don kada ta kalli fuskarsa. Ta faɗa masa duka, har da rular.

"Wato baɗi," ya ce.

"Baɗi, Baba."

Goggo ta tafa hannu. "Malaminki da kansa ya ce ki rubuta, kika ce a'a? Ke kin fi shi sani? Wannan yarinya, girman kai zai kashe ki a tsaye. Mutumin nan guntu-guntu ake ɗaukarsa, ke kina lissafin ɗigo!"

"Yaya, ya isa." Ya daɗe yana kallon ƙafar, inda bandejin ya lotsa a gurbin yatsan. Ba ta ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. Can ya motsa sauran yatsun a hankali. "Saura tara. In muka yi tattali za su kai mu baɗi."

Ta yi dariyar da yake so ta yi, ta kwashe kwanon ruwan ta fita bayan gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Kwanakin suka riƙa zuwa iri ɗaya. Ƙafa da safe, mota biyu, matakala, kwalabe da ƙarfe ɗaya da kwata, injin awo, ɗigo. Baban Lab ya daina cin abinci a ɗakin. Kullum sai ya zo ya tsaya daga nesa, hannu a baya, yana kallon ta tana zuƙa tana mayarwa, ba ya taɓa komai. Ranar da aka rufe karɓar kundi, farfajiyar sashen ta cika da 'yan ajinsu rungume da kundaye masu baƙin bango, ana ta ɗaukar hoto. Wata ta leƙo ta ce, "Mai Zare, ke fa?" Ta ce, "Ina kwana na ashirin da shida," ba ta ɗago ba. A ranar zaren yana nan lafiya. A na ashirin da bakwai ma haka.

Ranar ta ashirin da takwas hutun gwamnati ne, ginin babu kowa sai su biyu. Ta zuƙi na ƙarshe daga kwalabe shidan, injin ya ba ta lambobi, ta ɗiga. Layin bai bi inda rula ta nuna ba sosai. Daga kwana na ashirin da biyu ya ɗan rusuna, ya tafi a kwance-kwance, amma bai tsaya ba, zaren yana sakin magani har yau, kuma ƙullin shida suna nan da jikinsu. Kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari ya fita. Ta rubuta lambar, ta ja layi biyu a ƙarƙashinta.

"Ya yi?" in ji Baban Lab daga bakin ƙofa.

"Ya yi."

"Alhamdulillahi." Ya share fuska da tafin hannu. "To yanzu sai me?"

"Sai in rubuta. Ina da shekara guda cur, ba mai kora ta."

Ta jira murna ta zo, ba ta zo ba. Abin da ta ji kawai shi ne bayanta yana ciwo, kuma tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ta kashe bahon, ta jawo kujera ta zauna jiran ruwan ya huce ta zubar. Ta ɗora kai a kan hannu, da niyyar minti biyar.

Baban Lab ya tsaya ya ga numfashinta ya daidaita. Ya lallaɓa ya sauke labulen tagar da rana ke shigowa ta kan fuskarta, ya fita ya jawo ƙofar, ya zauna a kan matakala da makullin a hannu.